Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Kira ga Masu Zaɓe na New Bell da Unguwannin Hausawan Duwala

 

Zaɓen 'yan majalisa da kansiloli yana tafe, kuma an fara kiɗan da muka saba ji. 'Yan RDPC sun shiga gidajen suna da gidajen biki suna cewa babu jam'iyyar da ta ɗaukaka mace a Kamaru kamar tasu, wai 'yan adawa taron maza ne masu hayaniya a titi. Hujjojinsu uku ne. Suna cewa mata 61 ne suka shiga Majalisar Dokoki a zaɓen 2020. Suna cewa magajiyar garin Duwala ta Biyu, wato ƙaramar hukumarmu, mace ce. Suna cewa gwamnati ta yi wa mata ma'aikata sukutum, ga kuma bikin 8 ga Maris duk shekara.

Duka ukun haka suke, ba mu musa ba. Amma duk macen da ta taɓa sayen shinkafa a Kasuwar Santaral ta san ba a duban tsororuwar mudu kawai, ana duban gindinsa, ko an buga shi ya lotsa. Ku zo mu juya mudun nan tare.

MATA 61, AMMA WA KE RIƘE DA MABUƊI?

Majalisar Dokoki kujera 180 gare ta. A zaɓen 2007 mata 25 ne suka shiga. A 2013 suka zama 56, a 2020 suka zama 61. Me ya kawo wannan tsalle? Dokar zaɓe ta 19 ga Afrilu 2012 ce ta ce dole kowane jerin sunayen 'yan takara ya yi la'akari da jinsi. Ƙungiyoyin mata ne suka yi shekaru suna bugun ƙofa kafin a saka wannan magana a doka, irin su ƙungiyar da Farfesa Justine Diffo Tchunkam take jagoranta. Guminsu ne, kuma kowace jam'iyya dokar ta hau kanta. Wanda aka tilasta wa biyan bashi bai kamata ya zo yana neman godiyar sadaka ba.

Ku lura kuma da ramin da aka bari a cikin dokar. Ta ce a yi la'akari da jinsi, amma ba ta faɗi adadi ba, ba ta kuma faɗi inda za a rubuta sunan macen ba. A tsarin zaɓenmu wannan shi ne komai. Jerin da ya sami fiye da rabin ƙuri'u shi ke kwashe kujerun duka. In babu wanda ya sami haka, na gaba ya ɗauki rabi, a raba sauran gwargwadon ƙuri'u, kuma daga saman jeri ake fara ɗauka. Saboda haka macen da aka rubuta a can ƙasa, ko aka ba ta matsayin mai jiran gado a bayan ɗan takara namiji, ta cika sharaɗin takarda ne kawai. An yi, ba a yi ba.

To, a ce ma sun shiga. RDPC ta kwashe kujera 152 cikin 180 a 2020, mafi yawan matan nan nata ne. Wace doka suka kawo da hannunsu aka zartar? A Kamaru dokoki daga fadar gwamnati suke saukowa, majalisa ta ɗaga hannu. Haka aka ɗaga hannu a Afrilun 2008 aka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa, makonni kaɗan bayan jinin da aka zubar a titunan Duwala a watan Fabrairu. Haka aka ɗaga hannu a 2024 'yan majalisa suka sami ƙarin wa'adi ba tare da sun dawo wurinku neman izini ba. Kujerar shugaban majalisar kuwa, mutum ɗaya, Cavayé Yéguié Djibril, ya hau ta a 1992 ya shafe fiye da shekara 30 a kanta. Tun samun 'yancin kai mace ba ta taɓa zama a wurin ba.

INDA ALƘALAMIN SHUGABA YAKE AIKI SHI KAƊAI

In kana son sanin zuciyar mutum, duba abin da yake yi inda babu mai tilasta masa. Akwai muƙaman da Paul Biya, wanda ke mulki tun 6 ga Nuwamba 1982, yake naɗawa da sa hannu ɗaya, babu zaɓe, babu mai ce masa don me.

Yankuna goma ne a ƙasar nan, gwamnoni goma. Mace ba ta taɓa zama gwamna ba, ko sau ɗaya. Mace ba ta taɓa zama firaminista ba. Sai a 2012, bayan shekara 30 yana kan mulki, aka naɗa mace ta farko a matsayin perefe, Madam Antoinette Zongo, a Koung-Khi da ke yankin Yamma. A gwamnatin da aka kafa ranar 4 ga Janairu 2019, mata 11 ne cikin mutum fiye da 60. Ma'aikatun kuɗi, tsaro, shari'a, harkokin waje da mulkin cikin gida, wato inda taska da bindiga da hatimi suke, ba a taɓa damƙa wa mace ko ɗaya daga cikinsu ba. A majalisar dattawa shugaban ƙasa ne ke naɗa mutum 30 cikin 100, kuma duk lokacin da ya naɗa, maza ne ke cika jerin. Da aka yi zaɓen majalisun yankuna a Disamban 2020, inda RDPC ta mamaye kusan ko'ina, shugabanni goman da aka fitar duk maza ne. A ƙananan hukumomi 360 kuwa, matan da suka zama magadan gari bayan zaɓen 2020 kusan ɗaya ne cikin goma.

Babu wanda zai ce matan ne suka rasa. Julienne Keutcha ta shiga majalisa tun 1960. Delphine Tsanga ta zama minista tun 1975, zamanin Ahmadu Ahijo. Shekara 50 bayan haka har yanzu ana gaya mana a yi haƙuri, mata suna koyo. Wane irin karatu ne wannan da ba a saukewa?

“AI MAGAJIYAR GARINKU MACE CE”

Wannan ce hujjar da suka fi ji da ita a New Bell. Madam Denise Fampou ta RDPC ta shafe fiye da shekara goma a kujerar Duwala ta Biyu. Ba mu da abin faɗa a kan mutuncinta, uwa ce, kuma zagi ba ya cikin tarbiyyarmu. Maganarmu a kan tsarin da aka zaunar da ita a ciki ne.

Manyan tituna, manyan magudanan ruwa, kwashe shara da babban kasafin birni suna hannun hukumar birnin Duwala gaba ɗaya. Shekaru da dama shugaban ƙasa ne yake naɗa mai riƙe da wannan hukuma, kuma maza ya yi ta naɗawa, na ƙarshensu Fritz Ntonè Ntonè daga 2006 zuwa 2020. Da aka mayar da kujerar ta zaɓe a 2020, RDPC ta tsayar da Roger Mbassa Ndine. A saman kowane magajin gari kuma akwai perefen Wuri, wanda daga Yawunde ake turo shi. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 ta ce kason da za a sakar wa yankuna da ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati, amma magadan gari na ta kukan ba su ga cikon alkawarin ba. An ba mace kujera, an riƙe jakar kuɗin a wani ɗaki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In damina ta sauka, wa ke kwana yana kwalfe ruwa daga ɗaki a Makeya da Nkolmintag? Wa ke tashi da asuba da jarka in famfo ya ƙafe? Wa ke zaman jinya in kwalara ta shigo, kamar yadda ta shigo a 2004, ta kuma dawo a 2022 har cikin kurkukun New Bell? Kayan wa ke ƙonewa duk lokacin da gobara ta tashi a Kasuwar Kwango, jarin adashin shekara guda ya zama toka kafin gari ya waye? Matan unguwar nan sun san amsa. Da a ce zaman mace ɗaya a ofis yana gyara kwata, da New Bell ta fi Bonanjo tsabta.

Akwai kuma wani sashe na dokar 2019 ɗin da ya kamata kowane Bahaushen Duwala ya sani. Ya ce magajin babban birni dole ya kasance ɗan asalin yankin. New Bell ta samo asali ne tun zamanin Jamusawa, lokacin da suka ƙwace filayen Duwalawa na bakin ruwa, suka rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914 saboda ya ƙi yarda. Tun wancan zamani fatake Hausawa suke zaune a nan. Amma 'yar da aka haifa a New Bell, aka haifi uwarta da kakarta a New Bell, in ta yi karatu har ta gaji, wannan sashe yana iya tare mata hanya da sunan baƙuwa ce. 'Yan majalisar RDPC, mazansu da matansu, su ne masu rinjayen da suka zartar da shi.

ZANE, RAWA DA TAFI

An kafa RDPC a Bamenda a Maris 1985, aka yi wa mata rumfa daban mai suna OFRDPC. Hajiya Yaou Aïssatou, 'yar yankin Arewa, ita aka ɗora a kan rumfar tun daga farko, ta kuma riƙe ma'aikatar mata daga 1984 har zuwa 2000. Mace ce mai ilimi, babu shakka. Amma ku tambayi kanku: ƙungiyar da shugabancinta bai motsa ba shekaru kusan 40, 'ya'ya mata nawa ta ba hanya su hau? Ita kanta uwar jam'iyyar shugaba ɗaya ta sani tun da aka kafa ta, kuma babban taronta na Satumban 2011 ya shafe fiye da shekara goma ba a yi wani ba. Gidan da maza ma ba su da bakin magana, ina mace za ta samu?

Aikin da aka ware wa rumfar mata kowa ya gan shi da idonsa. A ɗinka zane mai hoton shugaba, a cika motoci, a tsaya cikin rana tun hantsi ana jiran manya, a yi guɗa, a yi tafi, a dafa abinci. In taro ya watse, manya su shige ɗaki mai sanyi su rubuta sunayen 'yan takara, mata su bi layin kuɗin mota. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka ranar 8 ga Maris. A duniya rana ce ta neman haƙƙi. A nan an mayar da ita ranar atamfa: mace ta sayi zanen da kuɗinta, ta biya tela, ta je ta yi fareti a Bessèkè gaban gwamna, a Yawunde kuma gaban uwargidan shugaban ƙasa, washegari ta koma inda take. Zane ba laifi ba ne, kowace mace tana son ado. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. A Maris 2016, kwana huɗu bayan bikin, wata mai cikin tagwaye ta rasu, 'yar uwarta ta tsaga cikinta da reza a ƙofar asibitin Laquintinie tana neman ceto jariran, duniya duka ta ga hoton. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 406 ke mutuwa a kan kowace haihuwa 100,000. Wannan shi ne lissafin da ya kamata a karanta a filin fareti.

DOKAR DA TA SA HANNU A DUKIYAR MACE

Ga wata magana da ba za ku ji ta a bakin masu rabon zane ba. A yankunan da ke amfani da Faransanci, har da Duwala, dokar farar hula da kotuna ke aiki da ita gadon Faransa ce, tushenta tun 1804 zamanin Napoleon. Sashe na 1421 ya ba miji ikon juya dukiyar da ma'aurata suka haɗa shi kaɗai, har ya sayar ko ya jinginar ba tare da matar ta sa hannu ba. Sashe na 1428 ya ba shi ikon gudanar da dukiyar da ta matar ce ta kanta. Faransa da ta kawo dokar ta gyara tata tun 1965, ta ƙarasa a 1985. Mu kuwa muna nan riƙe da ita kamar layar gado.

Kowane ɗalibin makarantar allo ya san a Musulunci sadakin mace nata ne, gadonta nata ne, ribar sana'arta tata ce, miji ba ya taɓawa sai da yardarta. Iyayenmu da ke sana'a a cikin gida, masu ƙosai da fura, masu turaren wuta da atamfa, masu aika kaya Garwa da Kusiri, a kan wannan ƙa'ida suka tara abin da suka tara. Kamaru ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata, ta tabbatar da ita a 1994. Daftarin sabuwar dokar iyali ya fi shekara 20 yana kwance a aljihun tebur. Jam'iyyar da ta iya gyara tsarin mulki cikin 'yan kwanaki don mutum ɗaya ya zarce, ta kasa goge sashe biyu don miliyoyin mata. Da kujera 152 a hannunta, wa ya hana ta?

IN MACE TA BUƊE BAKI

Jam'iyya mai mulki tana son mace mai tafi. Ga abin da ke samun mace mai tambaya.

A 1990 aka kama Henriette Ekwe a nan Duwala tare da lauya Yondo Black, laifinsu neman a buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. A Fabrairun 2011 aka yi wa Kah Walla, tsohuwar kansila a Duwala, duka da feshin ruwa a titi, a shekarar da ta tsaya takarar shugaban ƙasa. Ranar 26 ga Janairu 2019 aka harbi lauya Michèle Ndoki a ƙafa a Duwala lokacin zanga-zangar lumana, daga baya aka kama ta aka tsare har watan Oktoba. Ranar 22 ga Satumba 2020 aka kama Dorgelesse Nguessan, mai gyaran gashi, uwa mai ciyar da gidanta, don ta fita zanga-zanga. Kotun soja ta yanke mata shekara biyar, ba ta fito ba sai a farkon 2025. Ba ta ɗauki makami ba. Me ya kai mai kitso gaban alƙalin soja?

Wannan ba sabon abu ba ne a garin nan. A 1931 matan Duwala sun fito sun ƙi harajin da Faransawa suka ɗora wa mata. A 1952 aka kafa ƙungiyar mata ta UDEFEC, suka riƙa aika koke Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman 'yancin kai. Bayan tarzomar Mayun 1955 da ta fi zafi a New Bell, Faransawa suka haramta ƙungiyar tare da UPC ranar 13 ga Yuli. Mai mulki ya canza launi, amma tsoron mace mai magana yana nan.

Su kuma masu cewa adawa taron maza ce, su amsa wannan: a 2011 mata biyu, Kah Walla da Esther Dang, sun tsaya takarar shugaban ƙasa, duk daga wajen RDPC. A zaɓen 12 ga Oktoba 2025 mace ɗaya ce cikin 'yan takara 12, Hermine Patricia Tomaïno Ndam Njoya, magajiyar garin Fumban, shugabar jam'iyyar adawa ta UDC. A RDPC kuwa, wace mace ce ta isa ko da ta ce tana sha'awar kujerar a bainar jama'a?

MASU RAƊA DA SUNAN ADDINI

Akwai masu bin zaure-zaure suna raɗa wa magidanta cewa siyasa ba ta mace Musulma ba ce, kada a bar mata su tsaya takara. Abin mamaki, su ne kuma ke zuwa da motoci ranar taro su kwashi matan su kai su rawa gaban maza. Ashe rawa a fili halal ce, zama a majalisa a yi maganar asibiti da makaranta ne haram?

Mun bar fatawa ga malamai, su ne masu ita. Amma tarihi na kowa ne. A Hudaibiyya, lokacin da al'amari ya yi wa sahabbai nauyi, shawarar Uwar Muminai Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, ita ce ta warware shi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka a jam'iyyar NEPU don matan arewacin Najeriya su sami ƙuri'a, kuma ba su jefa ta a zaɓen ƙasa ba sai a 1979. Wannan gadonmu ne, ba daga Turai aka yi mana jigilarsa ba.

Ku kuma magidanta, iyayenmu da yayyenmu, ku yi lissafin kasuwa. In unguwa tana da masu zaɓe dubu, rabinsu mata, aka bar matan a gida, unguwar ta zama mai ƙuri'a ɗari biyar. Wanda ke ƙirga ƙuri'a ba ya jin tsoron unguwar da ta yanke rabin ƙarfinta da hannunta. Shi ya sa ake tuna mu ranar taro, a manta da mu ranar kasafi.

KU DA KUKE ƘETARE IYAKA KUN GANI

Gani ya kori ji. A Senegal, ƙasar da Musulmi suka fi kashi 90 cikin ɗari, an yi doka a 2010 cewa kowane jerin 'yan takara namiji da mace za su riƙa bin juna daga sama har ƙasa, jerin da ya saɓa a yi watsi da shi. A zaɓen 2012 mata 64 suka shiga majalisa mai kujera 150. A Nijar an kafa dokar kaso tun 2000, aka ƙara shi a 2019 zuwa kashi 25 na kujerun zaɓe da kashi 30 na muƙaman naɗi, wato har alƙalamin shugaba an sa wa linzami. A Najeriya, inda babu irin wannan doka, majalisa ta yi watsi da ƙudurorin mata a Maris 2022, bayan zaɓen 2023 kuma mata huɗu kacal suka zauna a majalisar dattawa mai kujera 109. Darasin a fili yake: inda aka rubuta adadi a doka ana samun canji, inda aka bar shi ga alherin manya sai a yi ta jira.

ABIN DA MUKA ƊAURE KANMU DA SHI

Ba mu ce ku yarda da mu don daɗin baki ba. Ga abin da 'yan takararmu za su tsaya a kai, ku ajiye takardar nan ku riƙe mu da ita.

Na ɗaya, a gyara dokar zaɓe a rubuta ƙarara cewa namiji da mace za su riƙa bin juna a kowane jeri, kuma ELECAM ta ƙi karɓar jerin da ya saɓa.

Na biyu, a sa kaso a muƙaman naɗi, tun daga gwamnoni da perefe har shugabannin kamfanonin gwamnati.

Na uku, a rage kuɗin ajiya na takara. Yau mai neman kujerar majalisa sai ya ajiye sefa miliyan ɗaya, kansila 50,000. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na sefa 60,000 sai ya tara albashin wata 16 da ɗoriya, bai ci ba bai sha ba. Wannan shinge ne da aka gina don masu kuɗi da 'yan gaban goshinsu, kuma mata ya fi tarewa.

Na huɗu, a soke sassan dokar farar hula da suka ba miji ikon sayar da dukiya ba da sanin matarsa ba, a fito da dokar iyali a tattauna ta a fili tare da malamai, limaman coci, sarakuna da ƙungiyoyin mata.

Na biyar, a daina kai farar hula kotun soja.

Na shida, kansilolinmu za su nemi a ba matan kasuwa kujera a kwamitocin da ke raba rumfuna da yanke kuɗin tikiti, kuma a riƙa liƙa kasafin ƙaramar hukuma a bango kowa ya karanta.

Na bakwai, a sauƙaƙa samun takardar haihuwa da katin shaidar ɗan ƙasa. Mata da yawa a unguwanninmu an haife su a gida ba a yi musu takarda ba, in sun je nema a ce su kawo shaidar ba 'yan Najeriya ko Nijar ba ne saboda sunansu. Ga shi kuɗin katin ya tashi daga sefa 2,800 zuwa 10,000. Macen da ba ta da kati ba ta da asusun banki, ba ta da kwanciyar hankali a shingen jandarma, kuma muryarta ba ta isa akwati.

ABIN YI TUN YANZU

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Duk wanda ya cika shekara 20, namiji ko mace, yana da ƙuri'a. ELECAM tana rajista daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, amma ana rufewa da zarar an kira zaɓe, don haka kada a jira. Wadda ta yi rajista ta je ta karɓi katinta, ta duba sunanta da rumfar zaɓenta. Shugabannin adashi da na makarantun Islamiyya na matan aure, ku tambayi mambobinku ɗaya bayan ɗaya wa ke da kati, wa ba ta da shi. Magidanci ya raka iyalinsa, ɗa ya raka mahaifiyarsa. Masu tafiya fatauci ku tsara tafiyarku ranar zaɓe ta same ku inda kuka yi rajista.

Duk ɗan takarar da ya shigo gidanku, namu ko nasu, ku ce ya nuna muku jerin sunaye. Ku ƙirga matan, ku duba a lamba ta nawa aka sa su, ku tambaya ko akwai 'yar unguwar nan a ciki. In an kawo muku zane ko sabulu ko shinkafa, ku sani daga harajinku da tikitin kasuwarku aka saye su, babu rantsuwar da ta hau kanku a kan abin da dama naku ne. A cikin ɗakin zaɓe babu perefe, babu shugabar rumfa, daga ke sai Allahn da Ya halicce ki. Bayan an rufe akwati kuma doka ta ba jama'a damar tsayawa a ga ƙirga, ku tsaya cikin natsuwa har a rubuta sakamako.

Shekara 40 da ɗoriya matan New Bell suna yi wa wasu guɗa. Wannan karon ku zaɓi jerin da ya rubuta sunayenku a sama, ku dangwala wa alamar da ke bayan wannan takarda. In kin karanta, ki karanta wa maƙwabciyarki da ba ta iya boko ba, in ka gama, ka miƙa wa na kusa da kai a masallaci ko a tasha.

Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya zaunar da Kamaru lafiya, Ya sa mu ga zaɓen nan cikin kwanciyar hankali. Amin.